Yankan Hannun Hagu

Kafin rana ta taɓa rufin shagon, Auta ta riga ta gama da naman. Cinyar sa ce. Ta bar ta a cikin sanyi har ta ɗan yi tauri, sannan ta bi ta da wuƙa siriri-siriri, tana gicciye jijiyar naman yadda Baba ya koya mata, don kada ya yi wa mai ci gardama a baki. Ta daka jan barkono da tafarnuwa da citta, ta matse lemun tsami biyu, ta zuba ɗan sukari da mai, ta cuɗe naman da hannu har zafin barkonon ya fara cizon yatsunta.

Shekararta ashirin da shida, kuma rabinsu a wannan kicin ɗin ta yi su. Abu ɗaya kawai suke sayarwa, dogon burodi mai gasasshen nama da ganye da kayan tsami. Yayanta ke zama a kantar shagon yana karɓar baƙi. Umma ke tsinke na'ana'a a kan benci. Wuƙa da wuta kuwa na Auta ne.

A bayan ƙofa, ƙarƙashin shimfiɗaɗɗen zane, akwai babbar kwalba mai faɗin baki, wadda sai an rungume ta da hannu biyu kafin ta ɗagu. A cikinta karas da kokwamba da albasa suke kwana uku a ruwan gishiri har su yi tsami. Ruwan nan ya girmi Auta. Ba a taɓa zubar da shi duka ba. Duk sabon haɗi sai an ba shi kofi ɗaya na tsohon ruwa, shi ke tayar da tsamin. Baba ya rasu ya bar musu doka biyu a kansa: ba a sa masa jiƙaƙƙen cokali, kuma ba a barinsa a buɗe.

Irin wannan kwalbar akwai ta biyu a duniya, tana tsallaken titi.

Da can Baba da abokinsa shago ɗaya suke, kwalba ɗaya. Suka yi faɗa, abokin ya ɗebi rabin ruwan ya buɗe nasa shagon daidai saitin nasu. Shi ya ce rabonsa ya ɗauka. Baba ya ce sata ce. Dukansu biyu sun kwanta dama, amma faɗan bai bi su ba, ya tsaya a titin yana gadi. Yaya ko sunan ɗan mutumin ba ya iya faɗa, sai dai ya ce ɗan tsallake.

Kuma ɗan tsallaken nan shi Auta take so. Sau biyu yana turo kawunsa neman aurenta, sau biyu Yaya yana barin dattijon a tsaye ko ruwa bai ba shi ba.

Da hantsi mahaucin da ke kawo musu nama ya shigo. Abokin Yaya ne tun suna yara, kuma ya daɗe yana kewaye Auta, yau ya kawo mata hanta, gobe ya kawo ƙoda, ita kuwa sai ta karɓa ta miƙa wa Umma ko kallonsa ba ta yi ba. Yau bai kawo komai ba sai murmushi, da wani abu da ya turo aljihun rigarsa.

"Sarauniyar wuƙa," in ji shi. "A haɗa mini ɗaya. Da hannunki nake so."

"Ai kullum da hannuna ne," ta faɗa ƙasa-ƙasa.

"Shi ne nake yabawa. Hannun nan naki ba ya ɓuya."

Yaya ya yi dariya. Auta ba ta ga abin dariya ba.

Ta fifita gawayin har ya yi ja, ta shimfiɗa naman a kan ragar ƙarfe. Kitse ya ɗiga, wuta ta tashi, hayaƙin barkono ya sa Umma tari. Ba ta bar naman ya daɗe ba, gefe ya yi baƙi-baƙi ta juya shi. Ta tsaga burodin ta bar bayansa a haɗe, ta ciro ɗan tsakiyarsa don nama ya samu wurin zama, ta kifa shi a bakin wutar har cikinsa ya yi ƙaras. Ta shafa man shanu. Ta jera naman da zafinsa. Ta buɗe kwalbar, ta ɗebo kayan tsamin da busasshen cokali, ta rufe nan take, ta tsane su a kwando kafin ta ɗora, don kada ruwa ya kashe burodin. Sai na'ana'a, sai lawashi, sai ɗanyen barkono yanka uku. Ta danne da tafin hannu, ta naɗe a takarda, ta ajiye a gabansa.

Mahaucin bai ci ba.

Ya warware takardar a kan kantar, ya buɗe burodin kamar mai buɗe littafi. Sannan ya sa hannu a aljihu ya ciro wani ƙunshin, ya warware shi, ya ajiye su kafaɗa da kafaɗa.

"Wannan kuma daga ina?" Yaya ya tambaya.

"Daga tsallake. Yanzu na kai musu nama, na ce bari in ɗanɗana na maƙwabta. Abokina, dubi karas ɗin nan. Ka duba da kyau."



Auta bahaguwa ce. Duk mai yankan karas a karkace, yankansa zuwa dama yake kwantawa. Nata zuwa hagu yake, siriri kamar ganye, da ɗan ƙaramin lanƙwasa a ƙarshe inda wuƙar ke fita. Baba ya sha dukan hannun nan da ludayi tana yarinya, daga baya ya haƙura ya ce ai ko a duhu zai gane yankan 'yarsa.

Karas ɗin burodi biyun nan duk hagu suka kwanta.

Yaya ya ɗauki ɗaya daga nan, ɗaya daga can, ya ɗora su a tafin hannunsa. Ya daɗe yana kallo. Da ya ɗago, idanunsa sun kaɗa sun yi ja.

"Auta."

Ta juya wajen murhu.

"Ke nake kira. Wa ya yanka wannan?"

"Yaya, ka bari in..."

"Wa ya yanka, na ce!"

"Ni ce."

Umma ta daina tsinkar ganye. Ba ta ɗago ba, amma yatsunta sun tsaya cak.

"Yaushe?"

"Ran Litinin. Da na je sayo na'ana'a."

"Wato na'ana'ar da ta cinye miki awa biyu ke nan. Kika dawo kika ce layi ne a kasuwa. Kika kalli tsabar idon Umma kika ce layi ne."

Hawaye suka fara zubo mata. "Ta bayan layi na bi, na same shi zaune da bokitin karas yana sara kamar mai faskare. Yaya, hannun mamansa na dama ya shanye, wata biyu ke nan. Ita ke yi musu yanka. Ko cokali ba ta iya riƙewa yanzu. Ban shiga ba, wallahi a bakin ƙofa na tsaya. Na yanka musu na tafi."

"Kin yanka musu kin tafi," Yaya ya maimaita, yana kwaikwayon muryarta. "Ka ji tausayi. Uwar marayu. To ruwan fa? Kofi nawa kika kai musu?"

"Wane ruwa?"

"Kada ki raina mini hankali! Ruwan Baba!"

"Ban taɓa ba. Ko ɗigo ban fitar ba. Suna da nasu, me za su yi da namu?"

"Nasu?" Ya buga kantar har burodin ya yi tsalle. "Nasu kika ce? A gabana kike kiran kayan sata nasu?"

Mahaucin ya tsoma baki, murya a sanyaye kamar mai lallashi. "Ni dai na ɗanɗana, abokina. Tsamin nan ya yi kama da naku sosai. Ban ce komai ba fa, na dai ce ya yi kama."

Auta ta juyo ta dube shi, karon farko a cikin shekara guda. "Dole ya yi kama, tunda uwarsu ɗaya. Kai ma ka sani. Kai ke kai musu nama, ka ga hannun matar da idonka. Ka faɗa masa mana."

"Ni nama nake kaiwa, ba duba marasa lafiya ba."

"Allah ya isa tsakanina da kai."

"Ke!" Yaya ya daka mata tsawa. "Abokin nawa kike ja wa Allah ya isa? Don ya tona miki asiri? Mutumin da ya fi ƙarfinki nesa ba kusa ba, yana binki shekara da shekaru kina yi masa kallon banza, ashe can kike zuwa kina yi wa ɓarayi aikatau kyauta!"

Ya fizge wuƙar daga gefen hannunta ya jefa a aljihun kantar. Sannan ya fita bakin ƙofa, ya tsaya a kan dakali, ya buɗe murya yadda duk layin zai ji.

"Kai ɗan tsallake! Fito! Fito in kai namiji ne!"

Mai gyaran waya ya leƙo. Tela ya tsayar da kekensa. Masu jiran mota suka juyo gaba ɗaya.

Ɗan tsallake ya fito yana goge hannu a jikin zanen aikinsa. Dogo ne, mara hayaniya, da tabon ƙuna a damtsensa na dama. Ya tsaya motoci biyu suka wuce, sannan ya tsallako. Tun rasuwar iyayensu maza bai taɓa taka wannan dakalin ba.

"Ina kwana, Yaya."

"Ni ba yayanka ba ne. Uwarmu ɗaya ko ubanmu?"

"To. Ga ni."

"Ubanka ya saci ruwa, kai kuma ka saci hannu. Gado ne abin, ko?"

Fuskar saurayin ta ɗaure, amma bai ɗaga murya ba. "Ka zage ni son ranka, ka bar wanda ke kabari. Ita kuma ba ta yi laifi ba. Taimako ta yi, ni na kasa hana ta."

"Ta kai muku ruwanmu."

"Ba ta kai ba."

"Rantsuwar ɗan ɓarawo zan karɓa?"

"To me zan yi ka yarda? Sau biyu na turo kawuna ka wulaƙanta shi. Ni ba wasa ya kawo ni wurin ƙanwarka ba. Ka faɗi abin da kake so, in dai ɗan Adam zai iya, zan yi."

Yaya ya waiwaya. Ya dubi mahaucin, ya dubi jama'ar da ta taru, sai wani murmushi ya zo masa wanda Auta ta sani tun suna yara, irin wanda yake yi kafin ya karya mata abin wasa.

"Za ka yi?"

"Zan yi."

"To je ka ɗauko kwalbar nan taku. Ka kawo ta nan, ka juye ta a kwatar nan a gaban kowa, har ɗigon ƙarshe. Abin da ubanka ya ɗauka ya koma inda ya dace da shi. In ka yi haka, ka turo kawunka gobe, na ba ka ita. Ga shaidu nan."



Auta ta fito da gudu, ko mayafinta ba ta gyara ba. Ita da ba ta iya haɗa ido da mai sayen burodi, yau ga ta a gaban mutum talatin.

"Kada ka yi," ta ce da saurayin. "Don Allah kada ka yi."

"Auta, ruwa ne."

"Ba ruwa ba ne, kai ma ka sani. Shekara talatin mamanka tana ciyar da shi. Da cikinka ta tsaya a kansa. In ka zubar, sabon da za ka haɗa gishiri ne kawai da karas, wata da watanni zai yi kafin ya kama baki, mutanenku duk za su watse. Kuma ko ya kama, ba zai zama wancan ba har abada."

"Zan jure."

"Ita fa? Ita za ta jure? Hannunta ya tafi, abin da ya rage mata ke nan ta zauna ta kalla."

"Shekara nawa kike so mu yi muna gaisawa ta bayan layi kamar marasa gaskiya?" in ji shi. "Na gaji, Auta. Na gaji da ganinki ta cikin hayaƙi daga tsallaken titi. Kullum in na ɗaga kai ga ki can kina juya nama, taku ashirin tsakaninmu, amma kamar wata ƙasa. Yau an buɗe mini ƙofa, ki ce kada in shiga?"

"Ba ƙofa ba ce. Na fi ka sanin yayana."

"Ya faɗa a gaban mutane."

"Ka ji ni mana!" Kuka ya ci ƙarfinta. "In ka zubar saboda ni, da wane ido zan kalli mamanka? In shiga gidanta a matsayin me? Wadda aka zubar da wahalarta don a samu? Gara in tsufa a kicin ɗin nan. Wallahi gara in tsufa."

"Ka ji ko?" Yaya ya ce da ƙarfi. "Kun ji ta da bakinta. Ruwan ɓarayi ya fi mata aure. Kai kuma ɗan tsallake, in tsoro kake ji ka koma, wutarka na mutuwa."

Saurayin ya dubi Auta, ya dubi Yaya. Ya juya ya tsallaka.

Da ya sake fitowa, kwalbar na rungume a ƙirjinsa. A bayansa wata murya ta tashi, ta tsohuwa, a shaƙe. Mamansa ce, ta jawo jiki har bakin ƙofar shagon, hannun dama na lilo a gefenta, na hagu na riƙe da ƙyaure.

"Ina za ka da ita? Kai! Da kai nake! Ajiye mini kwalbata!"

Bai waiwaya ba. Auta ta ga yadda ya cije leɓe, ta ga jijiyar wuyansa ta miƙe. Ya durƙusa a bakin kwatar, ya cire murfin.

"Don girman Allah," in ji Auta.

Ya karkata kwalbar.

Ruwan ya zubo, fari-fari mai kauri, da karas ɗin da ta yanka da hannunta suna bin sa ɗaya bayan ɗaya. Ƙamshin tsami ya cika layin, irin ƙamshin da Auta ta buɗe ido a cikinsa. Ya daɗe yana zuba, ya fi yadda kowa ya zata. Da ya ƙare, saurayin ya kifa kwalbar ya girgiza, ya ɗaga ta sama kowa ya gani.

A tsallake, tsohuwar ta daina ihu. Ta zame a hankali ta zauna a kan dakalinta.

"Na yi," in ji shi, yana haki. "Gobe kawuna zai zo."

Yaya ya sauko daga dakali, ya leƙa kwatar, ya tura wani karas da ya maƙale da bakin takalminsa har ya faɗa.

"Kada ya wahalar da ƙafarsa," ya ce. "Na fasa."

"Me ka ce?"

"Na ce na fasa. Jama'a, ku ku yi mini alƙalanci. Mutumin da uwarsa ke kiransa tana kuka, ya ƙi waiwayawa, ya zubar da wahalarta ta shekara talatin a kwata saboda mace, shi zan ɗauki ƙanwata in ba? Gobe in ya ga wata, ita ma kwatar zai kai ta."

Mahaucin ya fashe da dariya, shi kaɗai. Tela ya ce, "Kai, wannan ba daidai ba ne," amma a hankali ya faɗa, kuma ya koma kan kekensa.

Ɗan tsallake ya miƙe. Auta ta zata zai kai duka, har ta ga yatsunsa sun dunƙule. Amma kwalbar na hannunsa, kuma ko babu komai a ciki bai iya sakinta ta fashe ba. Ya tsaya kawai, baki a buɗe, kamar wanda aka tasa daga barci. Sannan ya juya ya koma da kwalbar, ya wuce ta gefen mamansa, ita kuwa ko kallonsa ba ta yi ba.

"Ke kuma," Yaya ya ce da Auta, "wuce ciki. Nama na jiran wuta, azahar ta kusa."

Ta wuce ciki.

Hawayenta sun tsaya, ita kanta ba ta san lokacin da suka tsaya ba. Ta bi ta gefen murhun, ta wuce kwanon naman, ta wuce burodi biyun da ke buɗe a kan kantar. Ta ɗauki kofin ƙarfe daga ƙusa, ta goge shi da tsumma ciki da waje har ya bushe ƙarau. Ta je bayan ƙofa ta yaye zanen.

"Me kike yi?" Yaya ya tambaya daga bakin ƙofa.

Ta buɗe kwalbar Baba. Ta tsoma kofin har ƙasa, inda ruwan ya fi kauri, ta ciko shi. Ta mayar da murfin ta ɗaure.

"Auta! Me kike yi, na ce?"

Ta juyo, kofin a hannunta na hagu. Muryarta ba ta fi yadda take kullum ba, sai da ya matso kafin ya ji.

"Ka ce na kai musu ruwa. Na rantse maka ban kai ba, ka ƙi yarda. Ka tara mini mutane, ka kira ni maƙaryaciya. To yanzu ka tsaya ka kalla da idonka, don gobe in kana ba da labari ka faɗi gaskiya."

"Ajiye kofin nan."

"Shekara goma sha uku ni ke ciyar da ruwan nan. Kai ko yawan gishirinsa ba ka sani ba. Nawa ake sawa, Yaya? Faɗa mini, in ajiye."

Yaya ya kau da kai.

"Kofi ɗaya na ɗauka. Ban ce rabi ba."

Ya tare ƙofar da jikinsa. "Wallahi in kika tsallaka titin nan da shi, kada ki dawo. Ba ke ba kicin ɗin nan, ba ke ba gidanmu. Ki zauna can da su ku ci tsiyarku. Umma, kina ji fa! Ki gaya mata!"

Duk abin nan da ake yi Umma ba ta ce uffan ba. Tun rasuwar Baba haka take, ta bar wa ɗanta magana, ita ta riƙe ganye. Yanzu ta ajiye tiren na'ana'ar a kan benci, ta dafa gwiwa ta miƙe. Ta tako a hankali har gaban 'yarta. Auta ta sunkuyar da kai. In Umma ta ce ajiye, ta san za ta ajiye.

Umma ta miƙa hannu kan kantar, ta ɗauko ƙaramin faranti, ta goge shi da bakin zanenta. Ta kifa shi a kan kofin.

"Ba a fita da shi a buɗe," ta ce. Sannan ta dubi ɗanta. "Kai kuma matsa mata. Ka ba ni kunya yau."

Yaya bai matsa ba, amma da Auta ta nufo shi kafaɗarsa ta kauce da kanta.

Taku ashirin ne. Ta yi su hannu ɗaya a ƙarƙashin kofin, ɗaya a kan farantin, ido a ƙasa, layin gaba ɗaya na kallonta. Wani mai babur ya taka birki yana masifa, ba ta ji me ya ce ba. A bayanta Yaya na kiran sunanta, yana rantsuwa, yana maimaita abin da ya faɗa. Ba ta zubar da ko ɗigo ba.

Ɗan tsallake na tsaye a cikin shagonsu, kwalbar a kan tebur a gabansa. Da ya gan ta ya yunƙuro.

"Auta..."

"Kada ka yi mini magana," ta ce, ba ta dube shi ba. "Na roƙe ka da Allah ka ƙi ji. Ba wurinka na zo ba."

Ta durƙusa a gaban tsohuwar, har gwiwarta ta taɓa dakali.

"Mama, ina wuni."

Tsohuwar ta dube ta daga sama har ƙasa. Idanunta a bushe suke, kuma babu ko alamar maraba a cikinsu.

"Ke ce wadda aka zubar da ni a kwata dominta."

"Ni ce, Mama."

"Me kika zo yi? Ki ga ko na mutu?"

Auta ta ɗaga farantin kaɗan, ta miƙa kofin.

Ƙamshin ya isa hancin tsohuwar kafin ta gane abin da ke ciki.  Ta dubi tsallaken titi, inda Yaya ke tsaye yana huci, da Umma a bayansa ta harɗe hannu. Sannan ta goge ɗan yatsanta na hagu a jikin zane, ta goge kuma, ta tsoma bakinsa a ruwan ta kai harshe.

Ta rufe ido. 

"Gishiri ya yi yawa," ta ce. "Haka ubanki yake, ba ya jin magana."

Auta na nan durƙushe, kofin a buɗe a hannunta.

"To me kike jira, ƙuda ya faɗa? Rufe shi." Tsohuwar ta juya kai wajen ɗanta, ba tare da ta kalli fuskarsa ba. "Kai, mara kunya. Wanke kwalbar nan da ruwan zafi, ka shanya ta ta bushe sarai. Ka kawo bokitin karas nan gabana inda zan gani. Kuma ka ba ta wuƙata, ba taka ba. Taka ta faskare ce."